Daushe da nata: Yadda mutum ke fara son abu mai kyau

Shekarun baya aiki ya kai ni Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, wajen wani taron ƙara wa juna sani na ma'aikatan gona. A daren da za a rufe taron aka shirya mana liyafa, inda aka zaunar da ni kusa da wani dattijon Bafaranshe, masanin ƙasar noma, wanda ya daɗe yana aiki a wannan yanki namu. Da aka zo raba abin sha sai na ce a ba ni zoɓo, shi kuwa aka zuba masa giyar inabi 'yar kaɗan a gindin kofi. Na lura bai kai ta baki nan take ba. Ya ɗaga kofin ya dubi launinta, ya karkaɗa, ya sansana, ya ɗan kurɓa, ya yi jim, sannan ya ture kofin gefe, bai sake waiwayarsa ba har muka tashi. Na tambaye shi ko lafiya, sai ya yi murmushi ya ce ai wannan ba ta kai a ɓata mata lokaci ba.

Ni Musulmi ne, giya haramun ce a kaina, ban san ɗanɗanonta ba kuma ba na fatan in sani. To amma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, don haka na tambaye shi yadda aka yi mutum ya kai ga wannan matsayi, har ya riƙa bambance wannan da waccan alhali a idona duk jan ruwa ne. Ya ce da ni shi ɗan yankin Bordo ne, a kudu maso yammacin Faransa, kuma yana yaro abin ba ya burge shi ko kaɗan, don ɗaci da tsami kawai yake ji. Sai ranar da ya cika shekara 20 kakansa ya shiga da shi ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauko wata kwalba da aka ajiye tun shekarar da aka haife shi, ya zaunar da shi ya ce kada ya yi gaggawa. Ya gaya masa sunan gonar da aka nomi inabin, da irin tsakuwar da ke ƙasarta, da yadda damina ta kasance a waccan shekara. Ya ce tun daga wannan rana bai sake shan abin da bai san asalinsa ba, kuma gwargwadon yadda saninsa ke ƙaruwa, gwargwadon yadda abin da yake sha ke raguwa.

Yana gama labarinsa sai na yi dariya, har ya zaci ba'a nake yi masa. Na ce da shi ai wannan labari na san shi, domin kuwa ni ma an yi mini irinsa a zauren gidanmu da ke Kwandiko, cikin ƙasar Gwaram, sai dai ni da goro aka yi mini, wanda Allah Ya halatta mana.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, ɗan goro ne. A wancan zamani muna cikin tsohuwar Jihar Kano, tun kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, yakan hau mota ya bi ta Birnin Kudu da Wudil ya shiga birni ya saro huhu ɗaya ko biyu, ya dawo ya riƙa cin kasuwar Sara da sauran kasuwannin da ke kewaye da mu. Bayan 'yan kwanaki yakan kwance huhun a zaure, ya baje goron a kan tabarma, ya riƙa ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya yana jujjuyawa, yana ware wanda sankara ta taɓa, sannan ya canza ganyen da ya bushe, ya yayyafa ruwa, ya mayar ya ɗaure. Wata rana, ina da kamar shekara 10, na faki idonsa na sace guda, na zaga bayan rumbu na jefa shi baki gaba ɗaya na tauna. Ɗaci da bauri suka game mini baki, na tofar, idona ya kawo ruwa. Ashe yana kallona. Ya kira ni ya ce, “Kai ja'iri, zo nan. Sata ka iya, cin goro ne ba ka iya ba. Wanda ka ɗauka ai nata ne, ko tsohuwa mai neman abin taunawa sai ta yi shawara kafin ta saya.”

Ya sa hannu cikin aljihun gaba na rigarsa ya fito da wani ɗan tsumma mai laima, ya warware, ya ɗauko wani farin goro. Ya kawo shi kusa da kunnena ya ɓare, na ji ya ce ƙas. Ya gutsuro ɗan mitsitsi ya miƙo mini ya ce, “Wannan daushe ne, ya shekara a hannun masu shi. Tauna a hankali, kada ka haɗiye, kada ka yi magana.” Na tauna. Ɗacin ya zo, amma bai zauna ba, sai wani garɗi ya biyo bayansa. Can ya ce in je randa in ɗebo ruwa in sha. Na kafa kai a moɗa, sai na ji ruwan da na saba sha kullum ya koma kamar an jefa masa zuma. Na tsaya riƙe da moɗa ina kallonsa, shi kuwa yana ta dariya. Wallahi har yau, bayan shekaru fiye da 40, in na sha ruwa a kan goro sai na tuna wannan yammaci.

Abin da nake so in jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, labarin Bafaranshen nan da nawa hanya ɗaya suka bi. Da farko akwai ƙyama, domin duk abin da ke da zurfin ɗanɗano ba ya yi wa harshen yaro daɗi. Zaƙi ne kawai ba ya buƙatar malami. Sannan akwai wani babba da kake ganin girmansa, wanda ya ware lokaci ya zaunar da kai. Sannan akwai rana guda da abin ya buɗe maka. Bayan nan sai a ba ka sunaye, domin harshe ba ya riƙe abin da ba shi da suna. A nawa ganin, sha'awar abu mai kyau ilimi ce da ake ɗauka a gaban manya, kamar yadda ake ɗaukar karatu a zaure, kuma mai kuɗi zai iya sayen abin amma ba zai iya sayen sanin ba.

Sunayen da kakana ya ba ni suna da yawa. Ya koya mini cewa nata shi ne sabon goro, mai ruwa a jika da kaifin ɗaci, daushe kuwa na bara ne, wanda ajiya ta kwantar wa da hankali. Marsa su ne manya, minu ƙanana, goriya kuwa ita ce wadda ake zaɓa a kai wa surukai. Ƙwarya goro 100 ce. Ganɗi da hannunruwa suna da yauƙi, masani ba ya sa su a sahun goron ƙwarai. Goron ƙwarai ɓari biyu yake rabuwa, hannunruwa kuwa yakan rabu uku ko fiye. Akwai ɗan Gwanja, akwai ɗan Shagamu, akwai kuma laɓuje, wanda sunansa ya samo asali daga wani gari na ƙasar Nupe, wanda a da sai gidajen sarauta da na attajirai ake ganinsa. Kakana yakan rufe ido a ba shi ɓari ya tauna, ya faɗi inda aka kawo shi, kuma da wuya ya kuskure. Bai taɓa shiga aji ba, amma abin da Bafaranshen nan ya yi da kofinsa a Yamai bai fi abin da tsohon nan ke yi a kan buzunsa ba.

Kada kuma a ɗauka wannan sani ƙaramin abu ne. Itacen goro ba ya tsira a ƙasar Hausa, a kurmi yake yi, amma babu al'ummar da ta san darajarsa kamar Bahaushe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma ya kawo labarin cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000. Saboda wannan ɗan ƙwaya madugai suka riƙa jan ayarin jakuna daga Kano da Katsina da Sakkwato, su yi wata da watanni a hanya, su ƙetare Kwara, su isa Salaga da ke arewacin Gana ta yau. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk da fataucin goro suka yi suna. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa, zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 kuma ya sauya hanyar gaba ɗaya, goro ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko sannan ya hau dogo. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, da goro ya kafa jarinsa kafin ya shiga sayen gyaɗa. Har yau Yarbawa da sunan Gwanja suke kiran irin goron da muke ci, kuma unguwannin Sabo na Shagamu da Ibadan cinikin goro na cikin abin da ya kafa su. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya rubuta littafi sukutum a 1980 a kan waɗannan ayarori. Ko lemon nan na Coca-Cola, da aka fara haɗawa a birnin Atlanta na Amurka a 1886, rabin sunansa daga goro aka ɗauko shi.

Dubi kuma yadda ya shiga harshenmu. In an ce da kai albishirinka, goro za ka ce, a tambaye ka fari ko ja. Akwai goron Sallah, da goron gayyata, da goron suna, kuma ba a ɗaura aure a tashi ba a raba shi ba. Ko cutar dajin nan da likitocinmu ke fama da ita, sunan sankara da muke kiranta da shi daga huhun goro aka aro shi, daga ɓarnar da ke cin ƙwaya ta ciki alhali bayanta na sheƙi. Al'ummar da addininta ya haramta mata abin maye ta sami abin da za ta miƙa wa baƙo, ta zauna hira a kansa, ta yi gardama kan wanne ya fi wanne, ba tare da hankalin kowa ya gushe ba. Wannan ni'ima ce da ba mu cika gode mata ba.

To, a nan ne bambancinmu da mutanen abokina Bafaranshe ya fito, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Su sun rubuta nasu. A 1855, lokacin baje kolin duniya da aka yi a Paris, aka jera manyan gonakin inabin Bordo daraja-daraja har hawa biyar, kuma wannan jeri da shi ake aiki har yau, in ban da gyara ƙalilan. A 1935 suka kafa doka da hukuma mai kare sunan asalin amfanin gona, ta yadda ba mai iya liƙa sunan wani yanki a kan abin da ba a can aka noma shi ba. Suna da makarantu da jarrabawa da littattafai a kan ɗanɗano kaɗai. Ba sha'awar abin da ke cikin kwalbarsu nake yi ba, Allah Ya tsare mu da zuriyarmu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka ɗauki sanin kakanninsu da muhimmanci har ya zama dukiyar ƙasa. Maƙwabtanmu ma sun farga: a 2013 Kamaru ta yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku rajistar asali, Nijar kuma ta bi sahu da kilishinta da albasar Galmi. Mu kuwa fa? Sanin da ke kan tsofaffin 'yan goro na Ujile da na kasuwar Mariri da ke kan hanyar Maiduguri, duk ranar da aka binne ɗaya daga cikinsu da shi ake binnewa.

Abin takaici, mu 'yan boko mu ne muka tsinke igiyar. Mun tashi mun ɗauki cin goro a matsayin alamar ƙauyanci, abin tsofaffi da direbobin manyan motoci. A bukukuwanmu na birni alawa da cingam da biskit sun ture shi, in ma an kawo shi sai a sayo kowane iri a zuba a leda, ba mai tambayar nata ne ko daushe. Kwanan baya na je ɗaurin aure a Dutse, na ga wani matashi mai digiri biyu an miƙa masa farar goriya, irin wadda kakana zai tashi tsaye ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta ya ajiye a kan kujera ya tafi. Ban ga laifinsa ba. Wa ya taɓa zaunar da shi? Ni kaina da nake wannan magana, 'ya'yana sun girma a gidan gwamnati mai falo ba zaure, kuma sai da babbansu ya shiga jami'a na tuna ban taɓa ɓara masa goro a kunne ba.

Wani zai ce, to mene ne abin baƙin ciki a ciki? Goro yana rina haƙori, yana hana barci, likitoci kan gargaɗi masu hawan jini da masu gyambon ciki a kansa, wasu masu ajiya kuma suna zuba masa maganin ƙwari mai haɗari don gudun asara. Duk wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma a lura, wanda ya san goro ba shi ne mai cika baki da shi daga safe zuwa dare ba. Kakana goro ɗaya yakan wuni da shi, ya gutsura bayan azahar, ya mayar cikin tsumma, ya sake gutsura bayan la'asar. Kuma masani ne kaɗai zai sansana ya gane an yi wa goro magani ya ƙi saye, wanda hakan shi ke tilasta wa ɗan kasuwa ya gyara. Inda babu masu sani, algus ne ke cin kasuwa. Haka abin yake a zuma, da man shanu, da turaren wuta, da dabinon da ake nomawa a nan Dutse.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Yaron da ba a koya wa harshensa haƙuri ba, ba a nuna masa cewa akwai daɗin da sai an jira shi yake zuwa ba, in ya girma ƙarfin abu zai riƙa nema, wato wanda zai buge shi nan take. Binciken da aka gudanar a kan shaye-shaye a Najeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su, kuma a watan Mayu na 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan an ga irin ɓarnar da ya yi a garuruwanmu. Ban ce goro ne maganin wannan annoba ba, don talauci da zaman banza da sakacin hukuma suna da kaso mafi girma. Abin da nake cewa shi ne, zaman da kakana ya yi da ni a zaure ya ƙunshi abin da ya fi goro. A ranar ya kama ni da sata, bai doke ni ba, ya mayar da laifina darasi, ya nuna mini cewa ya san da ni. Yaran da muke gani a bakin kwata da kwalba a hannu, da yawansu ba wanda ya taɓa yi musu irin wannan zama.

Haka kuma 'yan uwanmu ƙalilan da kan fita waje karatu ko aiki su dawo da ɗabi'ar kurɓar abin da aka haramta musu, in ka bincika za ka tarar ba daɗinta ne ya fara jan su ba. Sun zauna ne a teburin da ake magana da ilimi a kan abin sha, ana ambaton gonaki da shekaru, suka ji kansu kamar baƙauye a fada, suka so a ƙidaya su cikin wayayyu. Da sun tafi da sanin nasu, da sun iya buɗe baki su ce mu ma muna da daushe da laɓuje, muna da ayarin da ya yi shekara ɗaruruwa yana ratsa daji saboda ɗanɗano, da ba su ji wannan ƙanƙanci ba. Wanda ya san gidansu ba ya raina kansa a gidan wani. Ni dai a daren nan na Yamai, da na fito da goron da ke aljihuna na ɓara na ba Bafaranshen nan, na sa shi ya tauna a hankali ya kora da ruwa, sai ga dattijo ya zaro ido yana tambayata sunan gonar da aka nomo shi. Kunya ta kama ni, domin ban sani ba, kuma babu takardar da zan duba in gaya masa.

Saboda haka ina kira ga sassan koyar da Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa, su tura ɗalibai kasuwannin goro da na'urar ɗaukar magana, a tattara sunaye da hanyoyin ajiya da yadda ake gane mai kyau, tun masu sanin suna raye. Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan goro su haɗa kai da cibiyar binciken koko da ke Ibadan, wadda goro na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakinsu, a fito da tsarin daraja da kowa zai yarda da shi, a kuma raba kasuwa da maganin ƙwari mai cutarwa. Hukumomin gona na jihohinmu su dubi abin da Kamaru da Nijar suka yi, su fara da abin da muke nomawa da hannunmu.

Kira na ƙarshe gare mu ne, iyaye da kakanni. Ba sai goro ba. In shayi ka sani, ko zuma, ko fura, ko yadda ake gane shadda ta ƙwarai, ka kira ɗanka ko jikanka ka zaunar da shi, ka kashe wayarka, ka ba shi kaɗan, ka ce ya yi a hankali, ka gaya masa sunan abin da inda ya fito. Da Sallar da ta wuce na je gida Kwandiko da jikana na fari, na zauna da shi a zauren nan, wanda yanzu an yi masa rufin kwano. Na ɓara masa daushe a kunne, ya tauna ya yamutsa fuska, na aike shi randa. Ya dawo da moɗa a hannu yana cewa, “Kaka, wa ya sa sukari a ruwan nan?”

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon miƙa musu abin da aka miƙo mana, amin.